HARSASHI BA SHI DA ƊAUKAKA ƘARA

Jama'a, musamman ku 'yan kasuwa, ku matso ku ji, don maganar nan taku ce. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe mutum shida a Abuja, samari biyar 'yan kasuwar Apo da budurwa ɗaya. Gari na wayewa sai aka ce wai 'yan fashi ne. Ba don 'yan'uwansu 'yan kasuwa sun yi tsayin daka ba, da an binne maganar tare da gawawwakin. Amma sai a watan Maris na 2017 Babbar Kotun Abuja ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Shekara goma sha biyu! Wane mai tebur ne zai rufe teburinsa shekara goma sha biyu yana zaryar kotu?

To, me doka ta ce? Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa. Madalla. Sai kuma ya zagayo ya buɗe taga: in mutum ya mutu wajen kare dukiya, ko wajen kama shi, ko hana shi tserewa, ko kwantar da tarzoma, ba a tauye masa haƙƙi ba, muddin ƙarfin bai wuce abin da ya wajaba ba. Wa zai auna wannan wajabci? Wanda aka harbe ba ya tashi ya ba da shaida. Mai bindiga shi ke rubuta rahoto.

Ba ma ƙin gaskiya. A 2019 an gyara odar 'yan sanda mai lamba 237, aka ce kada a yi harbi sai in ana gab da kashe wani ko yi masa mummunan rauni. Amma oda ce kurum ta Sufeto Janar. Abin da wannan ya sa wa hannu yau, wani na iya soke shi gobe.

Ga kuma wata ƙaya da talaka bai sani ba sai ta soke shi. Ka sayar da akuya, ka ɗauki lauya, alƙali ya ba ka gaskiya ya ce a biya ka diyya. Sai a jawo maka sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu, doka tun ta zamanin Turawa: kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai Antoni Janar ya yarda. Wato lauyan gwamnati za ka roƙa ya ba ka izinin karɓar bashinka daga gwamnati!

Mu dai abu biyu muke nema daga Majalisar Tarayya: a shigar da ƙa'idar 2019 cikin Tsarin Mulki, a kuma cire sashe na 84 daga shari'ar kisa da azabtarwa. Duk ɗan takarar da ya shigo kasuwa neman ƙuri'a, ku tsayar da shi a bakin rumfa ku tambaye shi inda ya tsaya a kan waɗannan biyu.