A Duba Takardu Kafin a Nemi Aiki

'Yan'uwa, da zarar an ji labarin ɗaukar ma'aikata sai matasanmu su cika ƙofar fasto da ta dattawa suna neman wasiƙar shaida. Neman aiki abu ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne, da yawansu ba su ma karanta sanarwar har ƙarshe ba. Ana neman mai lasisin aikin jinya, sai mai difloma a harkar kasuwanci ya miƙa takarda, wai ko za a dace. Idan sunansa bai fito ba sai ya dawo ya ce ai don sunansa Bulus ne.

Ban ce babu wariya ba. Akwai ta. A wasu ƙananan hukumomi yaron da aka haife shi a garin, aka haifi ubansa a garin, yakan sha wuya kafin ya sami takardar shaidar zama ɗan asalin wuri, alhali kuwa ana tambayarta a yawancin ayyukan gwamnati. Tsarin mulki na 1999, sashe na 14(3), ya ce a raba muƙaman tarayya yadda kowane ɓangare zai samu, kuma tun 1996 akwai hukumar da aka kafa domin wannan. Amma dattawa, ku yi tunani: in za mu kai kuka wurin hukuma, da me za mu je? In muka kai sunaye 20, aka duba aka ga 15 ba su cika sharuɗɗa ba, mai son zuciya ya sami abin fakewa. Faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Biyar ɗin da aka zalunta da gaske, su ma kukansu ya bi ruwa.

Sharuɗɗan nan kuwa ba a ɓoye suke ba. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, ana kuma bukatar rajista da hukumar malamai ta TRCN. Mai digiri ko HND sai ya nuna takardar gama bautar ƙasa ta NYSC, ko ta yafewa idan ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama karatu. Kada a raina wannan takarda, domin a 2018 ministar kuɗi ta ƙasa ta ajiye aiki a kan batunta. Sau da yawa kuma sanarwa takan faɗi iyakar shekaru. Wannan ne ke kai wasu yaranmu kotu su yi rantsuwar rage shekaru, abin da bai kamata dattijo ya ji ya yi shiru ba. Yanzu da aka haɗa ranar haihuwa da lambar NIN da ta banki, ƙaryar ba ta ma daɗewa.

Ku tuna da abin da ya faru ranar 15 ga Maris, 2014. Mutane fiye da dubu 500 suka biya naira dubu ɗaya-ɗaya domin guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba. Aka tara su a filayen wasa, aka yi turmutsutsu, mutane fiye da goma suka rasu. Laifin na masu shirya abin ne, ba na matasan ba. Duk da haka ya nuna mana inda yunwar aiki ke kai mutum, kuma 'yan damfara sun san wannan yunwa. Har yau akwai iyayen da ke sayar da awaki da hatsi su ba wani wanda ya ce yana da hanya a Abuja.

Akwai wani ɓangaren da ya fi ba ni tausayi. Yarinya ta gama makarantar koyon aikin lafiya, takardunta cif, lasisi a hannu, amma tana zaune a gida domin an gaya mata ba a ɗaukar irinmu. Wa ya gaya mata? Sau da yawa mu ne manya, a hirar bayan sujada. Wadda ba ta nema ba, ba za mu iya cewa an hana ta ba. Haka nan mai takardar NABTEB ko shaidar gwajin sana'a, wanda ya iya haɗa wutar gida ko walda, yana jin kunyar takardarsa yana bin aikin ofis da ba zai samu ba.

Shawarata ita ce kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku daga cikin malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya, su zauna da matasa su karanta sanarwa layi-layi kafin a cika fom. Su duba ko sunan da ke takardar firamare ya yi daidai da na WAEC, gama harafi ɗaya yakan jawo a ajiye takardar mutum gefe. Su riƙe kwafin duk abin da aka miƙa da ranar da aka miƙa. Mu fastoci kuma kada mu sa hannu a wasiƙar da ke cewa yaro ya iya abin da muka san bai koya ba, ko da ɗan dattijon ikilisiya ne.