Filin Mata: Ciwon Hanta Da Allurar Da Har Yanzu Ake Nema

Makon jiya na yi muku alkawarin zancen yaye, amma ku gafarce ni, wani abu ya faru a unguwarmu nan Ajingi wanda ya sa na jingine wancan tukuna.

Wata maƙwabciyata ta sha wuyar haihuwa, aka kai ta asibiti, likita ya ce sai an yi mata ƙarin jini. Mijinta ya miƙa hannu. Da aka auna jininsa sai aka ce ba za a ɗiba ba, wai yana da ciwon hanta irin wanda likitoci ke kira C. Ƙanensa ya bayar, Allah ya tashi kafaɗunta, ita da jaririyarta. To, amma tun ran da suka komo gida hankali bai kwanta ba. Uwar mijin ta ware masa kwano da moɗa, kishiya ta hana 'ya'yanta shiga turakarsa. Shi kuwa bawan Allah, ƙaƙƙarfan mutum wanda ko ciwon kai bai cika yi ba, duk ya rasa abin da ke masa daɗi. Ana gobe suna mai jegon ta aiko aka kira ni, ta ce, "Malama, ke da kika yi karatu, wani mai magani ya ce in an biya shi zai zo har gida ya yi mana allurar riga-kafi mu duka. In sayar da akuyata?" Na ce, "Yaya, bar akuyarki a turke."

Abin da ya sa na faɗa mata haka, har yau ɗin nan babu allurar riga-kafin ciwon hanta na C, ba a Kano ba, ba a Ingila ba, ba a Amurka ba. Duk wanda ya ce yana da ita a jaka, to, kuɗinki yake so.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, sunan ɗaya ne amma cutar ba ɗaya ba ce. Akwai na A, wanda ake sha a ƙazamin ruwa da abinci, ya sa shawara, yawanci ya wuce. Akwai na B, shi ne ya fi yawa a ƙasarmu, shi kam yana da allura, ita ce wadda ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, kuma tun 2004 Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara. Sa'an nan ga na C. A wani babban awo da aka yi a ƙasar nan a 2018, an samu wajen mutum 8 cikin ɗari na manya suna da B, mutum 1 da ɗan ɗoriya cikin ɗari suna da C. Kada ki raina ɗayan nan, ki tuna yawan mutanen Nijeriya. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa mutum miliyan 50 ke ɗauke da shi, kuma a 2022 kaɗai ya kashe wajen 242,000.

Mugun halinsa shi ne shiru. Ya shiga ta jini, ya zauna a hanta kamar gara a azara, daga waje ɗaki lafiya lau. Sai bayan shekara 20 ko fiye hantar waɗansu ta ƙandare, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce sammu ne.

Ku 'yan makaranta, ga ɗan tarihi ku riƙe. A shekarun 1970 wani likita a Amurka, Harvey Alter, ya lura cewa waɗansu da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da ciwon hanta wanda ba A ba ne, ba B ba ne. Aka yi ta lalube, sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar. A 1997 Charles Rice ya tabbatar ita kaɗai ta isa ta kawo ciwon. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2020. To, ki lissafa, daga 1989 zuwa yau shekara talatin da 'yan kai ke nan ana neman riga-kafi. Me ya hana?

Aikin allurar riga-kafi, watau, kamar a nuna wa mai gadi hoton ɓarawo ne tun bai zo ba, don in ya gan shi ya gane shi. Ƙwayar B ba ta cika sauya kama ba, hoto ɗaya ya isa. Ita kuwa ƙwayar C hawainiya ce. A jikin mutum ɗaya takan haifi 'ya'ya wajen miliyan sau miliyan a yini guda, kuma wajen haihuwar ba ta gyara kuskure, saboda haka 'ya'yan ba su fitowa daidai da uwa. Kafin garkuwar jiki ta gama shirin kama mai jar riga, ya riga ya sake baƙa. Bayan wannan, manyan dangoginta sun kai 8, ƙananan kuwa sun fi 80. Wadda ta fi yawa a Masar dabam take da waɗanda suka fi yawa a nan Afirka ta Yamma, allurar da za ta yi amfani kuwa dole ta san su duka.

Ga kuma wahalar gwaji. Ban da ɗan Adam, ba dabbar da ke ɗaukar cutar nan sosai sai birin da ake kira cimfanzi, shi kuwa tun 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina gwaji a kansa. Ko raya ƙwayar a ɗakin bincike bai yiwu da kyau ba sai a 2005, da wata da aka samo daga jinin wani majinyaci a Japan.

Duk da haka masana ba su fid da rai ba, kuma suna da hujja. Cikin mutum goma da suka kamu, wajen uku jikinsu kan kore cutar da kansa cikin wata shida, ba magani ba komai. In jiki yana iya yi da kansa, ashe akwai hanyar koya masa.

Gwaji mafi girma da aka yi shi ne wanda wasu mata biyu, Kimberly Page da Andrea Cox, suka shugabanta a Amurka, aka fara a 2012, aka buga sakamakonsa a 2021. Na so ku lura, mata ne. Sun ɗauki mutum 548 daga cikin masu yi wa kansu allurar ƙwaya, domin su ne cutar ta fi kamawa a can. Aka raba su biyu daidai, rabi aka yi musu sabuwar allurar, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, ba wanda ya san wadda ya samu. Da aka zo lissafi, mutum 14 cutar ta zauna musu a wannan ɓangare, 14 a wancan. Allurar ba ta cuci kowa ba, har ta rage yawan ƙwayar a jini da farko, amma ba ta hana ciwon zama ba. Abin da ya burge ni, ba su ɓoye ba, suka buga wa duniya cewa ba ta yi ba. Ki gwada wannan da mai maganinmu na unguwa, wanda maganinsa bai taɓa kasawa ba.

Ba a tsaya ba. Shi Houghton ya ci gaba da aikin tasa allurar a jami'ar Alberta ta Kanada, a 2022 kuma masana a Amurka da Holan suka gano ainihin siffar ƙugiyar da ƙwayar ke maƙale wa hanta da ita, wadda ita ce ake so garkuwar jiki ta riƙa ganewa. Har waɗansu manyan likitoci sun kawo shawara a 2021, a nemi masu sa kai, a yi musu allurar gwaji, a sa musu cutar da gangan, in ba ta tare ba a warkar da su da magani. Na san in muka ji haka a Kano sai gabanmu ya faɗi, don ba mu manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. A ganina tsoron nan yana da tushe, kuma abin da ya koya mana shi ne a riƙa tambaya: wa ya yarda, an gaya masa gaskiya, wa ke sa ido? Amma kada ya sa mu guje wa allurar B da ta shan inna, waɗanda aka daɗe da tabbatar da su.

Kin ji na ce a warkar da su. I, a nan ne albishir yake. Riga-kafi babu, amma magani akwai. Tun ƙarshen 2013 aka fito da ƙwayoyin sha, irin su sofosbuvir, waɗanda in an sha kullum wajen mako 12 suke warkar da fiye da 95 cikin ɗari. Da farko a Amurka ƙwaya ɗaya dala 1,000 ce, amma da aka ba kamfanonin Indiya da Masar dama suka yi nasu, kuɗin ya faɗi ƙwarai. Sai dai wanda ya warke yana iya sake kamuwa, kuma mafi yawan masu ciwon ba su san suna da shi ba balle su nemi magani. Shi ya sa har yanzu ake bukatar allurar.

Labarin Masar ya isa a tsaya a kansa. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 gwamnatinsu ta yi yaƙi da tsargiya, ciwon nan da yaranmu masu wanka a kududdufi suka sani. Ana jera mutanen ƙauye ana yi musu allura da sirinji ɗaya, ba a tafasa shi sosai ba. Aka kori tsargiya aka shuka ciwon hanta, har ya zama wajen mutum ɗaya cikin goma na manyansu yana da shi. Da magani ya samu, a 2018 suka tashi suka auna mutum wajen miliyan 50, suka ba masu shi magani kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da shi.

To uwargida, kin ga ƙofar da ya bi ya shiga Masar, irinta tana nan a gidajenmu. Allurar da aka yi wa wani kada a yi wa ɗanki da ita, a ɓare sabuwa a gabanki. In wanzami ya zo askin suna, ko kaciya, ko ƙaho, ko cire beli, ki aika a sayo sabuwar reza, ba rashin kunya ba ne. Haka mai yankan farce da mai hujin kunne. Kowa da asuwakinsa. Jini kuwa kada a yarda a ƙara sai wanda aka auna. Amma cin tuwo kwano ɗaya, da shan ruwa a moɗa ɗaya, da gaisawa, da ɗaukar yaro, ba su kawo shi. Mai shi tana iya ba da nono, sai dai in kan nonon ya tsage yana jini. Daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa yakan wuce, amma kaɗan ne, kamar 5 ko 6 cikin ɗari.

Da na gama yi wa mai jegon bayani, sai ta ce in shiga in maimaita wa surukarta, don ita ba za ta iya ba. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, a mayar wa Malam kwanonsa cikin na jama'a." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce za ta duba. Shi maigidan na ce ya tafi Asibitin Malam Aminu Kano a yi masa awo na biyu, don na farkon yana nuna cewa cutar ta taɓa shiga ne kawai, na biyun ne ke nuna ko tana nan. Matan biyu su ma a auna su. Jaririyar an yi mata allurar B tun a asibiti, na duba katinta da idona. Akuyar tana nan, ko da yake in awo ya nuna sai an sha magani, wataƙila ita ce za ta biya.

Zancen yaye sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama, Ajingi