Kada ku kai takardar IT gida a buga muku hatimi

Jiya wani ƙanena ɗan aji uku a Fiziks ya ce min zai kai takardar IT ɗinsa ofishin kawunsa a sa hannu, shi kuma ya koma gida ya huta wata shida. Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin nima saura ƙiris na yi hakan a lokacinmu.

Malamina ne ya matsa min na nemi gurbi a cibiyar binciken sararin samaniya ta NASRDA da ke Nsukka. Na tafi ina ƙunƙuni. A can na fara sanin cewa ana sauraren sama da rediyo. Iskar haidirojin da ke tsakanin taurari tana fitar da sigina a mita 1420 MHz, ka juya faranti sama, ka ga layin ya ɗaga a kwamfuta, ko da rana tsaka. Ranar da na fara gani da idona, sai da tsigar jikina ta tashi.

A can kuma na gane dalilin da ya sa farantin satalayit na gidanmu ba ya motsi. Tauraron ɗan Adam irin NigComSat-1R, da aka harba a 2011, yana nisan kilomita 35,786, inda zagayensa ɗaya ya yi daidai da juyawar duniya a kwana guda. Aka sa ni lissafa yadda za a ɗaga tauraro daga ƙaramar falaki zuwa can da kunna inji sau biyu kacal, dabarar da Bajamushe Hohmann ya wallafa a 1925. Lissafin aji biyu ne fa, wanda muke haddacewa don jarrabawa. Shi ne yanzu tushen binciken mastas ɗina.

Na san uzurin, kuɗin haya da abinci ba wasa ba ne, alawus kuma ba a dogara da shi. Mu uku muka raba ɗaki, gari da ƙuli ya riƙe mu. Amma ku duba, Ghana ta mayar da tsohon farantin sadarwa na Kuntunse na'urar binciken taurari a 2017. Mu kuwa duk shekara muna musun ganin wata, masu lissafin falakinsa a cikinmu ba su da yawa.

Don Allah ku nema da wuri, ku koyi Python kafin ku je. Mai son ganin wasiƙar da na rubuta ya min magana ta inbox.