Tasawa da Mayahi: gardamar mota tsakanin suna, ƙawa da lantarki

A fadodin matasa da tashoshin mota na gundumomin Tasawa da Mayahi, hirar mota ta kasu gida uku. Akwai masu rantsuwa da Toyota, akwai masu sha'awar sababbin ƙirar Sin, ga kuma masu hangen motar lantarki. Amma idan aka zo fitar da kuɗi, bakanike da yashi da wutar NIGELEC ne ke yanke hukunci.

A birane irin su Yamai, mota kan zama abin ado da nuna matsayi. A Tasawa, mai nisan kimanin kilomita 120 daga Maraɗi a kan babbar hanyar Damagaram, mota jari ce da ake cin abinci da ita, haka ma a Mayahi. Ita ke kai gero da wake da dabbobi kasuwannin mako, ita ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa likita. Da zarar direba ya sauka daga kwalta ya nufi Urafan, Korgom, Kanambakashe ko Isawan, abin da ke gabansa rairayi ne da rani, laka da zaizayar ruwa da damina. Wanda ya yi kuskuren zaɓen mota a nan, guminsa na shekaru ne zai kwana a gareji.

Daga Kwatano zuwa Lome

Mafi yawan motocin da ke yawo a yankin na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai, Amurka ko Japan. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, waɗannan wurare uku sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma.

Shekara da shekaru, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce ƙofar wannan ciniki. Motoci na haurowa ta gadar Malanbil da Gaya, wasu su tsaya a Nijar, wasu su zarce Najeriya ta Birnin Ƙonni ko Ɗan Isa, kuma dillalai da direbobin jahar Maraɗi sun ci abinci sosai a wannan hanya. Najeriya ce ta fara rage ta, da ta hana shigar da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairun 2017. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO suka toshe gadar. Ko bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba, abin da ya karkatar da kaya zuwa Lome, su ratso Burkina Faso cikin rakiyar sojoji.

Tsawon hanya da kwanakin jira suna komawa ne kan farashi. Saboda haka mai tsohuwar mota ya ƙara riƙe ta, ciniki ya fi yawa tsakanin hannu da hannu a cikin gida, kuma tambayar farko da mai saye ke yi ita ce: idan ya gaji da ita, wa zai karɓa, a kan nawa?

Sunan da kanikawa suka gina

A wannan tambaya Toyota ke cin gardama. Masu goyon bayanta kan ce da tsohuwar zuma ake magani: Hiace ta fasinja, Hilux da Land Cruiser na yashi, Corolla ta iyali. Ba a musun ƙarfin injinta, amma ba shi kaɗai ya ba ta wannan matsayi ba. Kusan duk bakaniken da ke bakin hanya daga Cadawa zuwa Maijirgi ya koyi aiki a kanta. Kayan gyaranta, sababbi da na gwanjo, suna samuwa a Maraɗi, Katsina da Kano. Idan ta mutu a daji, yaron mota zai hau kabu-kabu ya dawo da abin da ya lalace, sau da yawa tun rana ba ta faɗi ba.

Dattawan direbobi sun san cewa irin wannan sarauta ba ta dawwama. A da Fijo ce ke riƙe da hanya, musamman 404 da 504, a zamanin da masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ke wadata yankin da motoci da kayan gyara. Da kayan suka yi wuya, ƙirar kuma ta sauya, sai direbobi suka juya mata baya. Abin da ake kira amincin mota a nan ya haɗa da injin, da hannun da ya iya gyara shi, da shagon da ke sayar da kayansa. Idan ɗaya ya ɓace, sunan kamfani ba ya tayar da mota.

Ƙawa da kwamfuta

Matasa, musamman masu zuwa ci-rani da masu bin hotunan motoci a Facebook da TikTok, suna kallon abin ta wata fuska. Suna son fitilu masu ƙyalli, allo a gaban direba, giya mai canza kanta da na'urar sanyaya ciki. Suna kuma da hujja mai ƙarfi: an taɓa raina baburan Sin da Indiya, ga shi yau su ne suka cika kasuwannin Tasawa da Mayahi, saboda sauƙin kuɗi da yalwar kayan gyara. Me zai hana motocin Chery, Geely ko BYD bin wannan sawu?

Amsar kanikawa ita ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Sabuwar mota cike take da na'urorin da ƙura da zafi da gurɓataccen man kwalba ke rikitawa. Idan fitilar gargaɗi ta kama, guduma da sifana ba sa gano ciwon, sai an jona ta da kwamfuta, wanda sau da yawa ke nufin jan ta zuwa babban gari. Wadda cikinta ke kusa da ƙasa kuma, komai kyanta, yashi ne zai riƙe ta. Sai dai wannan matsala ba ta motocin Sin ba ce kaɗai, domin sababbin Toyota ma da kwamfuta suke zuwa.

Lantarki: lissafin mai da lissafin wuta

Abin da ya shigo da motar lantarki cikin hira shi ne mai. Da shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa, wanda yankin ya daɗe yana dogaro da shi, ya daina araha. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499, sai jama'a suka koma gidajen mai. Matatar SORAZ, mai ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, ta kasa ɗaukar nauyin duka, har aka ga dogayen layuka a faɗin ƙasa cikin Maris ɗin 2025. Duk wanda ya kwana a layi yana da dalilin sauraron zancen motar da ba ta shan mai.

A duniya kuwa abin ya wuce zance. A 2024 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a Sin masu caji ne, Habasha kuma ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai. Nisa ma ba shi ne cikas ba, tunda yawancin sababbin motocin lantarki za su iya zuwa Maraɗi daga Tasawa su dawo da caji ɗaya.

Cikas ɗin yana wajen wuta. Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Babban layin da ke ciyar da yankin yana fitowa ne daga Katsina zuwa Gazawa, maƙwabciyar Tasawa, kuma jama'a ba su manta ba cewa Najeriya ta katse wuta a Agustan 2023, ba ta maido ba sai a Maris ɗin 2024. Ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40, mai saurin tsufar da batir. Kamfanoni da dama na ba batir garantin shekara 8, alhali motar da ke isowa yankin ta kan girmi haka. Mai sayen ta hannu zai iya samun kansa da mota mai kyan jiki, wadda kuɗin sabon batirinta ya fi ƙarfinsa.

Inda ƙofa take

Wannan bai rufe zancen ba, ya dai nuna ta inda za a fara. Sola ta riga ta shiga ƙauyuka, tana cajin wayoyi, tana jawo ruwa. Babur da adaidaita sahu ba sa buƙatar babban batir, tafiyarsu gajera ce, kuma su ne suka fi jin raɗaɗin tsadar mai. A Benin da Togo, kamfanin Spiro na aiki da baburan da ake sauya wa batir a tasha maimakon jiran caji. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin fasinja masu aiki da lantarki da hasken rana, a yanayin zafi da ƙura irin na jahar Maraɗi.

Akwai kuma abin da ke tafe ko an so ko ba a so. Motar da Bature ko Bajapane ya saya sabuwa bana, ita ce dillali zai kawo Maraɗi nan da shekara 10 ko 15. Yayin da masu haɗa mai da batir da masu lantarki zalla ke ƙaruwa a can, tsofaffin injuna masu sauƙin gyara za su riƙa ƙaranci a nan. Garejin da bai san kwamfuta da batir ba zai ga aiki na wuce shi, kamar yadda ya wuce waɗanda suka tsaya a kan Fijo.

Don haka nauyin ya wuce kan masu gardama a fada. Cibiyoyin koyon sana'a na gundumomin biyu na buƙatar shigar da lantarkin mota cikin karatunsu. Hukumomin gari na iya gwada wurin caji na sola a tasha ko kasuwa, a fara da babura. Hukumar duwan kuma na buƙatar ƙa'ida kan lafiyar batirin motar hannu, kada ƙasar ta zama jujin waɗanda suka mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yaron da ke wanke sifana a garejin Tasawa yau, shi ne zai karɓi waɗannan motoci idan sun iso.