Matattunmu Na 1899 Ba Su Da Rana Ne?

Duk wanda ya karanta tarihin shigowar Faransa ƙasar nan ya san ranakun nan uku na watan Yulin 1899. Ranar 14 aka harbe Laftanar-Kanar Klobb a Ɗankori bisa umarnin Kyaftin Voulet. Ranar 16 sojojin Chanoine suka juya masa baya suka kashe shi a Maijirgi, washegari kuma Voulet ya bi sawunsa. Nasara uku ke nan, kowane da sunansa da muƙaminsa da ranar mutuwarsa, biyu daga cikinsu har an gina musu kaburbura a Maijirgi. To, talakawan da rundunar nan ta karkashe daga bakin Kwara zuwa ƙasar Tasawa fa, wa ya san ranarsu?

Littattafan Turawan kansu sun rubuta cewa ranar 13 ga Yuli, kwana ɗaya kafin mutuwar Klobb, Voulet ya sa aka kashe mata da yara 150 don ramuwar sojojinsa biyu. Kafin nan an gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, an ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu. Amma abin da ya fi girgiza jaridun birnin Paris shi ne hafsa ya harbi hafsa. Daga baya aka ɗora laifin a kan zafin rana, wai shi ya taɓa musu hankali, aka rufe maganar. Rundunar kuwa ba ta watse ba: a ƙarshen watan Yulin ta ci Damagaram, ta zarce har tafkin Cadi. An tsine wa ɓarawo, an riƙe kayan sata.

Wasu manyanmu na cewa abin da ya wuce ya wuce, tone-tone ba ya haifar da alheri. Mun ji. Sai dai su waɗanda suka yi ɓarnar ba su yarda da wannan magana a gidansu ba, domin kowace 11 ga Nuwamba Faransa na tsayawa cik don tunawa da matattunta na yaƙi, kuma da wuya ka shiga ƙauyensu ba ka tarar da dutsen da aka sassaƙa sunayensu ba. Wasu kuma na tsoron kada abin ya zama bidi'a. Ba wanda ya ce a yi biki ko a raya makoki. Karanta wa yara tarihin garinsu da yi wa mamata addu'a, wane malami ne zai hana?

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ma a faɗe ta: yawancin hannuwan da suka riƙe bindigogin nan na baƙar fata ne, 'yan Afirka da aka ɗauko daga yamma. Ranar tunawa da za ta ɓoye wannan ba ta cika ba, domin darasin na nan.

Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, shi ya sa Lugu ta samu suna a duniya. Ƙauyukan Tasawa da Mayahi ba su samu irin wannan gata ba, kuma ba wanda zai kawo musu shi daga waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka muna kira ga malaman makarantu da ƙungiyoyin al'adu na Sarkin Hausa da maƙwabtanta su tsai da 13 ga Yuli a matsayin ranar mutanenmu. Hutun damina ne, ɗalibai suna gida kusa da kakanninsu. A ba kowane aiki ya rubuto abin da gidansu ya gada na wannan shekara: sunan ƙauyen da aka ƙone, rijiyar da aka daina sha, zuriyar da ta yi ƙaura. Tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa, kuma in suka tafi, abin da zai rage mana shi ne kaburburan nan biyu na Maijirgi.