Labarin teku ya shafi kuɗin tiya

Nijar ba ta da teku, amma damanarmu daga can take tasowa. Iskar tekun Gine ce ke turo mana hadari, kuma ɗumin ruwan teku ne masanan AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke dubawa kafin su yi hasashen damana. A 2024 sun yi kashedin ruwa mai yawa tun watan Afrilu, ambaliya kuwa ta zo ta rushe gidaje a Maraɗi da Damagaram. Sai dai labarin bai cika isa ga mai awo ba. Muna kira ga hukumomi su riƙa faɗa mana da Hausa a rediyo, mu san ko mu ajiye hatsi ko mu sayar, mu kuma ɗauke buhunanmu daga kwari.