Fiyano Ba Ta Da Laifi, Mu Ne Muka Yi Kasala

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, saboda wani abu da na gani a Daura ya tsaya mini a rai.

Bikin 'yar yayata muka je. An gayyato wani tsohon makaɗin kalangu, wanda shi ya yi kiɗan auren uwar amarya. Yana fara taɓawa sai ga yara da fiyano da manyan sifiku, suka danne shi da ƙara. Bawan Allah ya rataya kalangunsa, ya koma gindin darbejiya ya zauna. Da na kai masa fura sai ya ce, "Ɗiyata, har kiɗana na ji a cikin akwatin can, amma ba ya magana."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka, kamar yadda Hausa ke hawa da sauka a baki. Shi ya sa mai kunne ke jin kirarinsa a kiɗa ba tare da an buɗe baki ba.

Abin mamaki, dabarar da ta ɗaukaka kayan kiɗan lantarki ba ta yi nisa da wannan ba. A 1967 wani malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, John Chowning, ya gano cewa in aka sa wani sauti ya riƙa girgiza muryar wani sautin da sauri ƙwarai, sai a sami sabon amo, mai kama da ƙararrawa ko ganga. Shi ake kira FM. Kamfanin Yamaha na Japan ya karɓi dabarar, ya fito da DX7 a 1983, ta cika waƙoƙin duniya. Har akwai na'urorin da sautin waje, murya ko kiɗa, ke iya juya su.

To mu fa? Tun zamanin fim ɗin Sangaya fiyanon Yamaha ta mamaye situdiyoyin Kano, daga nan ta shiga gidajen biki. Amma galibi sautin da aka zuba mata a masana'anta kawai ake latsawa, shi ya sa waƙa goma ke fita da kiɗa ɗaya.

Wani zai ce ɗaukar makaɗa biyar ya fi tsada a kan yaro guda da na'ura. Haka ne, kuma su ma yaran abincinsu suke nema. Ban ce a fasa fiyano ba. Cewa na yi a kai tsohon nan situdiyo, a kafa masa makirfo, a bar kalangunsa ya ja na'urar, a biya shi haƙƙinsa. A je Sallar Gani a naɗi kakaki da algaita da tambari a ƙofar fada, da izinin masu su, a gwada abin da ba a taɓa ji ba.

Garin da ya adana rijiyar Kusugu bai kamata ya bar makaɗansa su tafi da iliminsu kabari ba. Tsohon nan ya gaya mini babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya koya.

Allah Ya sa mu farga. Wassalam.